Sabon zuwa Indiya, ka san Dhoni kafin ka zauna a teburin mai shayi

Ƙanena, sannu da zuwa, ya gajiyar hanya? Batun rajista da 'yan shige da fice cikin kwana 14, da sayen layin waya, da inda ake samun naman halal, waɗanda suka tarbe ka za su nuna maka. Ni abin da ba wanda ya gaya mini zan gaya maka: a ƙasar nan wasan kurket ne gishirin hira, kuma da sunan Mahendra Singh Dhoni, tsohon kyaftin ɗin ƙungiyar ƙasar, ake buɗe ta.

Satina na biyu a Chennai ina shagon mai shayi da daddare, kowa ya zuba wa 'yar talabijin ido. Kwatsam wuri ya kaure da ihu da fito, alhali ba a ci komai ba. Wani ne kawai mai riga ruwan ɗorawa da lamba 7 ya fito riƙe da abin bugu. Na ce wa na kusa da ni, wane ne wannan? Kallon da ya yi mini, kai ka ce a Kano na tambayi ina ne Dala. Ya ce, "Thala." Shugaba ke nan da yaren Tamil, laƙabin Dhoni a can. 'Yan arewacin ƙasar kuma Mahi suke ce masa.

Aikinsa biyu ne. In ƙungiyarsa ke jifa, shi ke tsugunne da manyan safar hannu bayan sanduna uku da ake kafawa a bayan mai bugu, kamar gola. Mai bugu ya kuskure ƙwallo, ƙafarsa kuma na wajen layi, to kafin ya waiga Dhoni ya cafke ƙwallon ya bugi sandunan da shi. Sau 195 ya fitar da mutum ta haka a wasannin ƙasa da ƙasa. In kuma su ke bugu, can ƙarshe yake shigowa, lokacin da tura ta kai bango, fuskarsa ko gezau.

Ashe ma golan ƙwallon ƙafa ne a makarantarsu a Ranchi, malamin wasanni ya karkato da shi. Daga 2001 zuwa 2003 duba tikiti yake yi a tashar jirgin ƙasa ta Kharagpur. Shi ya sa direban a daidaita sahu ke ganin nasa ne, don ba ɗan gatan Mumbai ko Delhi ba ne. Wasansa na farko wa Indiya, da Bangladesh a Disambar 2004, ko maki ɗaya bai samu ba aka fitar da shi. Bayan wata huɗu ya zuba wa Pakistan maki 148.

Ya ɗaga kofin duniya na gajeren wasa a 2007, da kofin zakaru a 2013, amma ranar da za ka riƙe ita ce 2 ga Afrilun 2011 a Mumbai. Wasan ƙarshe ne na babban kofin duniya da Sri Lanka, ya ci maki 91 ba a fitar da shi ba, ya rufe da bugun shida, wanda ke tsallake iyakar fili ta sama. Rabon Indiya da wannan kofi tun 1983. Ka tambayi abokin ɗakinka ina yake a daren, za ka sha labari har shayinka ya huce.

Kada dai ka yi tsokana da fitar da aka yi masa a wasan dab da na ƙarshe na kofin duniya da New Zealand a 2019. Shi ne wasansa na ƙarshe wa ƙasa, miki ne har yau. Ranar da Indiya ke karawa da Pakistan kuwa, ba irin barkwancinmu na Arsenal da Chelsea ba ne, ka iya bakinka.

Gasar IPL, ta ƙungiyoyin biranen Indiya, daga ƙarshen Maris zuwa Mayu ake yi, kuma sau biyar Chennai Super Kings, mai riga ruwan ɗorawa, ta ci a ƙarƙashinsa. Ranar wasa ka kauce wa unguwar Chepauk, inda filin wasansu yake a Chennai, in kana sauri. In Bangalore aka kai ka, ka ajiye rigar ɗorawa a jaka, can masarautar Virat Kohli ce, tauraron ƙungiyar garin.

Da safiyar Lahadi za ka ga yara na wasa a lungu da ƙwallon tanis. In sun kira ka, ka je. Baƙo ba ya samun abin bugu ranar farko, bayan sanduna za su tsugunar da kai. Ni bulo uku aka jera mini a madadinsu.