Yadda Ake Zaɓen Katin Wi-Fi na Kwamfutar Tebur da Gyara Matsalolinsa

Yawancin kwamfutocin tebur na hannu da ake aiki da su a shagunan buga takardu na Gusau, irin su HP da Dell, ba sa zuwa da Wi-Fi. Kafin ka biya kuɗin kati, kwance murfin akwatin ka leƙa ciki, domin abin da ke kan madabod, wato babban allon da ake soka sassan kwamfuta a kai, shi zai faɗa maka irin wanda za ka saya.

Nemi ɗan gajeren gurbi mai suna PCIe x1. Idan babu shi, katin zai zauna a dogon gurbin x16 ya yi aiki lafiya. Tsohon gurbin PCI, wanda galibi fari ne, bakinsu bai zo ɗaya ba, kada ka tilasta. Duba faɗin akwatin kuma: siraran kwamfutocin ofis gajeren ƙarfen ɗauri suke karɓa, don haka ka tabbata yana cikin kwalin kafin ka bar shago.

Ga wanda yake yini yana loda takardu ko rajistar JAMB, katin PCIe mai eriya biyu ya fi. Ƙaramin na USB mai gudun 150Mbps yana da arha, amma eriyarsa ba ta kai ƙwayar wake ba, zangon siginar 2.4GHz kaɗai yake gani, kuma a zafin Afrilu, lokacin da awo ke haura 40, yakan yi zafi ya riƙa yankewa. Sayi mai zango biyu, 2.4GHz da 5GHz. Na farko ya fi ratsa bangon bulo, na biyu ya fi gudu amma yana son kusanci. Katin PCIe mai ɗauke da Intel AX200 kati ne mai kyau na Wi-Fi 6, sai dai ba shi da direba (manhajar da ke sa kwamfuta ta gane katin) ta Windows 7, sai Windows 10 mai 64-bit zuwa sama. Kuma ka sani, kati ba ya ƙara gudun da kamfanin layi bai ba ka ba.

Wajen sakawa, cire wayar wuta, ka danne maɓallin kunnawa na daƙiƙa 10, ka taɓa ƙarfen akwatin. Wannan taɓawar tana da muhimmanci a hunturu, domin bushewar iska tana tara lantarki a jiki wanda zai iya kashe kati. Riƙe shi ta gefe, danna har ya zauna daram, ɗaure sukuru, sannan ka murɗa eriyoyin. Idan da Bluetooth, akwai siririyar waya da za a soka a gurbin USB mai fil 9 na madabod. In an manta ta, Wi-Fi zai yi aiki amma Bluetooth ba zai fito ba.

Idan ka kunna babu alamar Wi-Fi, buɗe Device Manager, inda Windows ke jera na'urorin da ke cikin kwamfutar. Alamar ruwan ɗorawa a kan sunan katin galibi na nufin babu direba. Haɗa wayar salularka da kwamfutar ta kebul, kunna USB tethering don kwamfutar ta sami intanet daga wayar, ka sauko da direbar. In ba ka san wanda ya ƙera katin ba, duba Hardware Ids nasa a cikin Device Manager: VEN_8086 Intel ne, VEN_10EC Realtek. Idan katin bai bayyana ba sam, kashe, cire shi, hure ƙurar gurbin, ka mayar.

Sigina mai rauni kusan kullum laifin wurin ajiya ne. Akwati a ƙarƙashin tebur, eriya a matse tsakanin ƙarfe da bango, rauta, wato na'urar da ke watsa Wi-Fi, kuma tana bayan ƙofar ƙarfe, ta ina saƙo zai bi? Ɗaga akwatin sama, ko ka nemi eriya mai doguwar waya ka ɗora a kan tebur. Na USB kuwa, sa masa kebul na ƙari ka nisanta shi da gurbin USB 3.0 mai launin shuɗi, domin na'urar da ke aiki a can tana dagula zangon 2.4GHz.

Katin yana ganin Wi-Fi amma ya ƙi haɗuwa? Tsofaffin katuna ba su san tsarin tsaro na WPA3 ba, mayar da tsaron rauta WPA2. In hotspot na wayarka ne ba ya fitowa, sauya shi daga 5GHz zuwa 2.4GHz. Idan yana yankewa bayan an ɗan bar kwamfutar, shiga Power Management na katin a Device Manager ka cire alamar da ke ba Windows damar kashe shi don tattalin wuta.

Akwai kuma inda ake zargin kati alhali lafiyarsa ƙalau. Rubuta ipconfig a Command Prompt, wurin rubuta umarni na Windows, don ganin adireshin kwamfutarka. Adireshi mai farawa da 169.254 na nuna rauta ba ta ba ka lamba ba, kashe ta ka kunna. Idan adireshin daidai ne amma shafuka na ƙorafin tsaro, dubi kwanan watan kwamfutar. Batirin madabod, CR2032, idan ya mutu agogo yana komawa baya duk sanda aka ɗauke wuta. Canza shi, gyara kwanan wata, sannan ka sake gwada shafin.