Yadda ake zaɓa tsakanin Disney da Universal a Orlando, ga mai zuwa karon farko

Birnin Orlando da ke jihar Florida ta Amurka yana da manyan wuraren shaƙatawa biyu da suka shafe fiye da shekara talatin suna takara: Walt Disney World da Universal Orlando. Tazarar da ke tsakaninsu ba ta wuce kimanin kilomita 15 ba a kan babbar hanyar I-4, kuma wannan kusancin ne ke jan baƙo ya ce zai haɗa su duka cikin kwana huɗu ko biyar. Taura biyu ba ta taunuwa. Wanda ya gwada hakan a zuwansa na farko yakan biya kuɗi mafi yawa, ya ƙare kwanakinsa a layi da cikin mota, yara kuma su gaji tun kafin a kai rabi. Shawarata ita ce ka zaɓi ɗaya ka more shi sosai. Ga yadda za ka yi zaɓin, da abin da zai biyo baya.

Mataki na farko: san abin da kowanne ya ƙunsa

An buɗe Disney World ranar 1 ga Oktoban 1971, a kan fili mai faɗin kusan murabba'in kilomita 100. Manyan filayen wasa huɗu ne a cikinsa, kowanne da ƙofarsa: Magic Kingdom na 1971, EPCOT na 1982, Hollywood Studios na 1989 da Animal Kingdom na 1998, sai wuraren wasan ruwa biyu. Ba a tafiya da ƙafa daga Magic Kingdom zuwa sauran. Sai a bas, ko jirgin ƙasa mai bin dogo ɗaya a sama, ko jirgin ruwa, duk kyauta, amma suna cin lokaci. Magic Kingdom shi kaɗai yana karɓar baƙi fiye da miliyan 17 a shekara, babu filin wasan da ya kai shi jama'a a duniya.

Universal ya zo daga baya. Universal Studios Florida ya buɗe a 1990, Islands of Adventure a 1999, wurin wasan ruwa na Volcano Bay a 2017, sai sabon Epic Universe ranar 22 ga Mayun 2025. Biyun farko suna maƙwabtaka, tafiyar 'yan mintoci ce a ƙafa ta cikin CityWalk, inda kantuna da gidajen abinci suke. Epic Universe yana can gefe, sai an hau mota.

Bambancin da ya fi girman fili muhimmanci shi ne wanda aka gina wa wurin. Disney na iyali ne gaba ɗaya, daga goyo har kaka. Universal ya fi karkata ga matasa da manya masu son lilon dogo mai gudu da juyi.

Mataki na biyu: ɗauko tef ɗin tela ka auna yaranka

Wannan shi ne matakin da ke yanke hukunci, kuma shi aka fi mantawa. A bakin kowane lilo mai ƙarfi akwai sandar awo, ma'aikaci na tsaye kusa da ita. Yaro zai tsaya da takalminsa, idan kansa bai taɓa sandar ba, ba zai hau ba, ko da saura ɗan yatsa ne. Roƙo ba ya aiki a nan, domin ƙarfen da ke riƙe mutum a kujera an ƙera shi ne daidai da wani tsawo. Abin tausayi ne ka ga yaro ya yi wata guda yana ɗoki, ya zo bakin ƙofa a mayar da shi yana kuka yayyensa na wucewa.

Saboda haka ka jingina kowane yaro da bango tun a gida, ka rubuta tsawonsa. A Islands of Adventure, VelociCoaster, wanda gudunsa ke kaiwa kilomita 112 a awa, yana neman santimita 130. Incredible Hulk Coaster yana neman 137. Lilon babur na Hagrid yana neman 122. A Magic Kingdom kuwa, Seven Dwarfs Mine Train santimita 97 kawai yake nema, Space Mountain 112, kuma akwai abubuwan hawa da yawa da ba su da sharaɗin tsawo sam, har jariri ana shiga da shi a hannu.

Idan yawancin yaranka ba su kai santimita 120 ba, tafi Disney, kada ka yi wata-wata. Idan sun haura shekara goma, ko ku manya ne zalla, Universal zai fi biya muku buƙata a kwanaki kaɗan. Idan gidan a gauraye yake, ni zan bi na ƙanana, domin babba yana samun abin yi a Disney, amma ƙaramin yaro a Islands of Adventure jira zai yi ta yi. Duk wuraren biyu suna da tsarin musayar mai riƙon yaro: uba ya hau, uwa ta jira da ƙaramin, sannan ita ma ta hau ba tare da sake bin dogon layi ba. Ka tambayi ma'aikacin bakin ƙofa kafin ku shiga layin.

Abu ɗaya kuma: Universal yana da abubuwan hawa da yawa masu girgiza kujera a gaban babban allo. Mai saurin jiri ko tashin zuciya a mota ya sa wannan a lissafi.

Mataki na uku: ƙirga kwanakinka

Disney na buƙatar kwana huɗu aƙalla, fili ɗaya kowace rana, da ranar hutu a tsakiya. Universal kwana uku sun isa: biyu ga tsofaffin filayen, ɗaya ga Epic Universe. Sai wanda ke da kwana bakwai ko fiye ne zan ce ya tsallaka ya ɗanɗana ɗaya gefen na kwana ɗaya ko biyu. Dalilin kuɗi ne ma: tikitin kwana ɗaya ya haura dala 100, amma kuɗin kowace rana yana raguwa idan ka sayi na kwanaki da yawa a kamfani ɗaya. Raba kwanakin tsakanin kamfanoni biyu yana nufin biyan farashi mafi tsada sau biyu.

Mataki na huɗu: biza kafin tikiti

Ga mai tasowa daga Najeriya, Nijar, Chadi ko Sudan, an tsaurara dokokin shiga Amurka sosai tun 2025, kuma suna sauyawa. Tikitin waɗannan wurare ba a mayar da kuɗinsa. Kada ka biya ko sisi sai biza ta shiga fasfo. 'Yan'uwa mazauna Amurka wannan bai shafe su ba, sai dai idan za su gayyato iyaye daga gida.

Mataki na biyar: zaɓi lokaci

Daga Yuni zuwa Satumba zafin Orlando irin na Legas ne, mai gumi da nauyi, kuma kusan kullum da yamma hadari ke haɗuwa. Da an ga walƙiya a kusa ake rufe duk lilon da ke waje. Lokacin guguwar teku yana farawa 1 ga Yuni ya ƙare 30 ga Nuwamba. Cunkoso mafi tsanani kuwa yana tsakanin Kirsimeti da sabuwar shekara, sai ƙarshen Nuwamba, sai hutun makarantu na Maris da Afrilu. Ƙarshen Janairu zuwa farkon Fabrairu ya fi sauƙi ta fuskar yanayi da jama'a. Satumba ma jama'a na raguwa, sai dai zafi da ruwa, kuma a wasu darare na wannan lokacin ana rufe Magic Kingdom da Universal Studios da wuri saboda bukukuwan Halloween masu tikiti daban. Duba jadawalin ranarka kafin ka saya.

Mataki na shida: tikiti, layi da masauki

Ka sayi tikiti a shafin kamfanin ko wajen dillalin da kamfanin ya amince da shi. Yaro ɗan ƙasa da shekara 3 kyauta yake shiga, daga 3 zuwa 9 akwai ɗan ragi, daga 10 kuɗin babba ne.

Kowane kamfani yana sayar da ƙarin damar shiga fili fiye da ɗaya a rana guda. A Disney ana kiransa Park Hopper, kuma ban ga amfaninsa ga baƙon farko ba, tunda fili ɗaya ma ba ya ƙarewa a yini. A Universal labarin daban ne. Jirgin ƙasan Hogwarts Express, wanda ke haɗa ɓangarori biyu na duniyar Harry Potter, wato wuraren da aka gina bisa littattafai da finafinan wannan suna, yana tashi ne daga fili ɗaya ya sauka a ɗayan, don haka ba a hawansa sai da tikitin Park-to-Park, mai ba da damar shiga filayen biyu a rana guda. Mutane da yawa sai sun iso tashar suke gane haka.

Sai batun tsallake layi, wanda shi ma kuɗi ne daban. Na Disney sunansa Lightning Lane, a manhajar waya ake sayensa, ka zaɓi abin hawa da lokacin da za ka zo. Mai kwana a otal ɗin Disney yana fara zaɓa kwana 7 kafin zuwansa, sauran mutane kwana 3. Tsarin yana buƙatar mutum ɗaya a iyalin ya riƙe waya yana lissafi duk yini. Na Universal, Express Pass, ya fi sauƙin sha'ani: ka nuna shi ka shiga gajeren layi. Ga wata dabara da ta cancanci a zauna da biro a lissafa: otal uku na Universal, wato Portofino Bay, Hard Rock da Royal Pacific, suna ba duk wanda ke ɗakin Express kyauta a tsofaffin filayen biyu, har da ranar shiga otal da ranar fita. Kwana ɗaya ke nan, Express na yini biyu. Ga iyali mai mutum huɗu ko biyar, sau da yawa kuɗin ɗakin bai kai na sayen Express ɗin daban ba. Wannan kyautar ba ta shafi Epic Universe ba.

Otal ɗin Disney yana ba da shiga minti 30 kafin jama'a, na Universal har awa ɗaya a filin da aka ware. Babban iyali kuwa, wanda ke son tuwo da miyarsa da dare, gidan haya mai kicin a garin Kissimmee da ke kusa da Disney ya fi masa araha, sai dai ya lissafa hayar mota da kuɗin ajiye ta a kowace rana. Ka tuna farashin da ke rubuce a Amurka bai haɗa da haraji ba, kuma a gidan abincin da ake kawo maka har tebur ana barin tukuicin kashi 18 zuwa 20 cikin ɗari.

Mataki na bakwai: ranar kanta

Da sanyin safiya ake kama fara. Ku isa ƙofa minti 45 kafin buɗewa, ku nufi abin hawan da ya fi farin jini kai tsaye. Abin da za ka hau cikin minti 20 da safe, da azahar sai ka yi awa ɗaya da rabi a kansa. Idan masauki na kusa, ku fita da rana ku yi salla, yara su yi barci, ku dawo da la'asar. A Magic Kingdom dare ne ma ya fi daɗi, lokacin wasan tartsatsin wuta a kan fadar da ke tsakiyar filin. A Animal Kingdom ku fara da motar Kilimanjaro Safaris tun dabbobi ba su nemi inuwa ba. Raƙumin dawa yakan tsaya dab da motar har direba ya dakata masa.

Mutum yakan taka kilomita goma ko fiye a yini. Sa takalmin kambas da ƙafarka ta saba da shi, kada ka sa sabo. Babbar riga a bar ta a otal, hula kuma iska za ta ɗauke ta a juyin farko. 'Yan'uwa mata, hijabi mai sanyawa ta kai wanda ke kama fuska ya fi mayafi ko gyale, a cusa gefensa cikin riga kafin a zauna. A VelociCoaster da Hulk sai an bi ta na'urar binciken ƙarfe, ba a hawa da waya ko makulli ko tsabar kuɗi a aljihu. Akwai ƙananan akwatunan ajiya kyauta na tsawon hawan. Ku sayo rigar ruwa ta leda a kantin gari, ta cikin filin ta ninka kuɗi. A riƙe abin cajin waya na tafi-da-gidanka. Yaro kuma a rubuta lambar waya a sa masa a aljihu, a nuna masa irin bajen da ma'aikata ke maƙalawa a ƙirji, ya san wanda zai nufa idan ya ɓace.

Abinci da salla

Disney yana barin a shiga da abinci daga gida, muddin babu kwalba ko barasa, don haka shinkafa dafa-duka a roba da dambun nama ba laifi. Universal ya fi tsanani, ruwan gora da ɗan abin taɓawa kawai yake bari. A wuraren sayar da abincin tsaye, ka nemi kofin ruwan sanyi, kyauta ne. Naman alade yana shiga abubuwa da yawa, har a kan fiza da cikin wake, saboda haka ka tambaya. Kifi da abincin ganye su ne mafaka. Abin shan nan mai kumfa da ake kira Butterbeer a Universal babu giya a cikinsa duk da sunansa. EPCOT kuwa giya ta yawaita a cikinsa da yamma, musamman a ƙarshen mako, don haka mai iyali ya zagaya rumfunan ƙasashe 11 da ke kewaye da tafkin da ke cikin filin tun da rana. Ku tsaya a ta Maroko: Sarki Hassan na Biyu ne ya turo masu sana'a daga ƙasarsa suka yi adon bangonta, aka buɗe ta a 1984.

Ka sa siririyar darduma a jaka da manhajar alƙibla a waya. Ofishin kula da baƙi yana kusa da ƙofar kowane fili, ka tambaye su wuri mai natsuwa, za su nuna maka. Matafiyi yana da rangwamen kasaru da haɗa salla, wanda ke sauƙaƙa yinin ƙwarai. Ranar Juma'a ita ta fi dacewa da hutun tsakiya: masallacin Islamic Center of Orlando yana kan titin Ruby Lake, mintoci kaɗan a mota daga Disney, kuma akwai gidajen abincin halal a wannan yankin.