Yadda Ake Kawo Tsohon Jirgin Yaƙi Gidan Tarihi

Wanda ya taɓa zuwa gidan tarihin yaƙi na Umuahia a jihar Abiya ya ga jiragen yaƙin basasa a ajiye, yara suna zagaya su baki buɗe. Ina matuƙar son yaran Kabi su ma su samu irin wannan. Gidan tarihin Kanta da ke Argungu yana da takubba da masu da kwari da baka na mazan jiya. A ce ga jirgin yaƙi kusa da su, da yaro ya gani da idonsa yadda faɗa ya tashi daga bayan doki ya koma sararin samaniya.

A fara da fili, kafin a je neman jirgi. Jirgi irin MiG-21, wanda Najeriya ta saya a shekarun 1970, tsawonsa ya haura mita 14, faɗin fuka-fukansa kuwa wajen mita 7. Zauren tsohuwar fadar da gidan tarihin Kanta yake ciki ba zai ɗauke shi ba. A samu fili a buɗe wanda ruwa ba ya kwanciya a cikinsa, a zuba daɓen kankare mai kauri, a kewaye shi.

Daga nan sai takarda. Jirgin dukiyar gwamnatin tarayya ne a hannun Rundunar Sojin Sama, don haka ya fi kyau gwamnatin jiha ta rubuta, da goyon bayan masarauta, zuwa ga Babban Hafsan Sojin Sama a Abuja, a kuma sanar da Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa. A rubuta komai ɓaro-ɓaro: kyauta ce ko aro, wa zai biya kuɗin ɗauko shi, wa zai kula da shi. Wasu jiragen, musamman ƙirar Amurka, ba a miƙa su ga kowa sai da yardar ƙasar da ta sayar.

Idan an amince, sojoji ne za su raba shi da duk wani abu mai haɗari. Nan fa ba wurin bakaniken gari ba ne, komai ƙwarewarsa. Za a cire bindigogi, a tsiyaye man jirgin da na birki, a fitar da batir. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne kujerar matuƙi: tana da nakiyar da ke cilla shi sama idan jirgi zai faɗi, kuma takan daɗe da ƙarfinta. Yaro ya ja hannunta, shi ke nan. Agogunan wasu tsofaffin jirage ma fentinsu na da sinadarin radiyam mai cutarwa. Kada a karɓi jirgi sai da shaidar an yi wannan aiki a rubuce.

Sai jigila. A kwance fuka-fukai da jela, a ɗora gangar jikin a tirela mai ƙasa-ƙasa, a liƙa wa kowane ƙarfe lamba. A bi hanyar tun da wuri a duba gadoji da wayoyin lantarki da suka sauko, a nemi rakiyar jami'an kiyaye haɗurra. Da rani ake wannan tafiya.

Bayan an haɗa shi, a ɗora shi kan ƙafafun ƙarfe, domin taya ba ta jure zafin rana da nauyi shekara da shekaru. A ɗaure shi da ƙasa saboda guguwar farkon damina. A toshe bakin injin da duk wata kafa, in ba haka ba tsuntsaye da zuma za su mai da shi gida. Rumfa za ta kare gilashin matuƙi daga rana da ƙurar hunturu.

Tun a wasiƙar farko a roƙi kwafin littafin tarihin tashin jirgin. Daga cikinsa za a samo lambarsa da shekarun da ya yi aiki, a rubuta su a allo da Hausar boko da ajami, yadda masuncin da ya fito daga kogin Matan Fada zai tsaya ya karanta wa ɗansa.