Idan Zuciyarka Ta Karkata Ga Wadda Kake Yi Wa Magani

Ƙanena ma'aikacin lafiya, kai da aka turo ƙauye kana zama da masu ciwon damuwa kana saurarensu, akwai abin da zai same ka wata rana. Za ka tsinci kanka kana lissafin ranar da wance za ta dawo. Ran da za ta zo ka ɗauko hular da ka fi so, ka fesa turare, in ta zauna a benci muryarka ta yi laushi ba ka sani ba. Na tsufa a wannan aiki a ƙasar Kazaure, ina zagaya ƙananan asibitoci daga Roni zuwa Gwiwa ina duba aikin matasa, kuma ina so in gaya maka yadda ake riƙe wannan hali ba tare da an cuci baiwar Allah ba.

Kada ka firgita. A 1986 wasu masana a Amurka, Kenneth Pope da abokan aikinsa, sun tambayi masu yi wa mutane maganin damuwa ta hanyar zantawa. Kashi 87 cikin ɗari suka ce sun taɓa jin sha'awar wanda suke dubawa: maza kashi 95, mata kashi 76. Kenan ke ma ƙanwata, maganar ta shafe ki. Fiye da rabinsu sun ce abin ya jefa su cikin jin laifi ko ruɗani. Mu kuma muna da hadisi a Bukhari da Muslim cewa Allah ya yafe wa al'ummar nan abin da zukata suka raya, muddin ba a aikata ba, ba a furta ba. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne mai bugun ƙirji yana cewa shi ba ya jin komai, don irinsa ba ya tsaron kansa.

Sai ka nemi sanin inda abin ya fito. Sigmund Freud, likitan birnin Biyana da ya kafa wannan hanya ta magani, ya rubuta a 1915 cewa son da marar lafiya ke yi wa likitanta zaman maganin ne ke haifar da shi, kada likita ya ɗauka kyansa ne ko kwarjininsa. Duba wadda ke gabanka. Wataƙila an aurar da ita tana ƙarama, an sake ta, ta dawo gidan uba ana yi mata kallon kaya. Tunda take, ba namijin da ya taɓa zama ya saurare ta rabin sa'a bai katse ta ba sai kai. Abin da ta nema wurin uba da miji ta rasa, shi take ɗora maka. Kowa aka zaunar a kujerar nan, shi za ta ɗora wa. Manya ma sun zame a nan. Wani babban likita, Carl Jung, ya fara duba Sabina Spielrein a asibitin Zurik a 1904, daga baya alaƙarsu ta wuce ta likita da marar lafiya, kuma a wasiƙar da Freud ya aika masa a kan wannan rikici a 1909 ne ya fara magana kan abin da ke tasowa a zuciyar likita shi kansa.

A 1950 wata likita, Paula Heimann, ta kawo ra'ayin da na fi amfana da shi: abin da kake ji a gaban marar lafiya kayan aiki ne, in ka iya karanta shi. Bayan ta fita, zauna kai kaɗai ka tambayi kanka. Yaushe abin ke tashi? Sau da yawa yana zuwa daidai lokacin da ta kusa faɗin abu mafi ɗaci, sai hirar ta koma mai daɗi, ku biyu ku kauce wa ciwon. Matar da aka taɓa keta wa haddi kan girma da zaton cewa namiji ba ya kula ta sai don jikinta; in ka bi wannan hanya, ka tabbatar mata da mugun darasin da ya kawo ta asibiti. Sannan ka duba naka gidan. Iyalinka suna Kano kai kana kwana a ɗakin ma'aikata? Kun yi faɗa da uwargida? Ko kuwa daɗi kake ji a ce kai ne ka ceto ta? Amsar na iya zama a wurinka gaba ɗaya, don haka kada ka ce ita ta ja ka.

Wannan magana kuwa dole ta fita daga cikinka, amma ba a kunnenta ba. In ka gaya mata, ka ɗora wa mai ciwo naka kayan, ta koma tana lallashinka ko tana tsoronka. Ba kuma a majalisar mai shayi ba, inda kowa ya san 'yar wane ce. Ka nemi babba a aikin, wanda ka yarda da amanarsa, ko da ta waya ne, ka ce: “Yallaɓai, akwai wadda nake dubawa, na ga zuciyata ta fara karkata, ina so ka riƙa bibiyar aikina da ita.” Ba sai ka ambaci suna ba. Matasan da suka zo mini da irin wannan, da yawansu suna furtawa nauyin ke raguwa, domin a ɓoye abin ke yin ƙarfi.

Daga nan ka sa ido kan ƙananan abubuwa. Likitoci biyu, Thomas Gutheil da Glen Gabbard, sun yi bayani a 1993 cewa babbar ɓarna kan fara ne da ƙananan tsallake iyaka. Kamar zaizayar bakin gona ce, ba ruwan dare ɗaya ke haƙa kwazazzabo ba. Ga yadda ɓarnar kan fara: ka bar katinta a ƙarshe don layi ya watse. Ka ƙara mata lokaci. Ka ba ta lambarka ta gida, kira ya fara shigowa bayan isha'i. Ka biya mata kuɗin magani daga aljihunka, ka rage mata hanya a babur ranar kasuwa, ka fara ba ta labarin matsalar gidanka. Ƙwan zabi ko fura da mutanenmu kan kawo don godiya, karɓa a gaban jama'a ka raba wa ma'aikata. Ma'aunina shi ne: abin nan da zan yi, zan iya rubuta shi a katinta, kuma zan yi wa dattijon da ke bayanta a layi irinsa? In a'a, bar shi. Ka duba ta da rana, ƙofa a buɗe, ungozoma ko 'yar rakiyarta tana baranda inda take hango ku amma ba ta jin magana. Haka ka kiyaye sirrinta, ka kuma guje wa keɓewar da addini ya hana.

Yanzu ga inda tamu ta fi wuya. Saurayi zai ce mini: “Baba, ai ba ɓarna nake nufi ba. Bazawara ce, ta gama idda, aurenta zan yi.” Hukuncin halal da haram na malamai ne, ni amana nake magana a kai. Ta gaya maka abin da ba ta gaya wa mahaifiyarta ba, kai kuwa ba ta san komai naka ba sai fuskar da kake sawa a wurin aiki. Yardarta ba ta mai 'yancin zaɓi ba ce, kuma wane uba ne a ƙauye zai hana “likita” 'yarsa? Ran da aka ɗaura, ta rasa mai yi mata magani. Ran da ɓacin rai ya shiga, ko kishiya ta ji ƙishin-ƙishin, sirrin ɗakin asibiti ya zama abin gori a tsakar gida. Sannan magidantan garin za su hana matansu zuwa, ciwon wasu matan ya ƙare a ɗaka saboda kai. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta hana irin wannan alaƙa ko bayan an gama magani. Ta masana halayyar ɗan'adam ta sa aƙalla shekara 2, kuma ko bayan nan sai a yanayi na ba-safai-ba. Ni a ganina, wadda ka taɓa zama ka ji cikinta, ka cire ta daga lissafin aure har abada.

In ita ce ta furta tana sonka, kada ka tsawata mata, kada ka yi dariya, kada kuma ka bar ƙofa a buɗe da “sai mu gani”. Ka ce: “Malama, na ji, kuma wannan ba abin kunya ba ne. Zamanmu a nan na neman lafiyarki ne, haka kuma zai tsaya. Gaya mini, yaushe kika fara jin haka?” Ka rubuta a kati, ka sanar da mai bibiyar aikinka.

In kun yi ta bibiya amma har yanzu ba ka iya tunani sosai a gabanta, miƙa ta ga wani. Kada ka yanke ta dare ɗaya, don matar da ta sha saki za ta ɗauka an sake korar ta. Sanar da ita tun da sauran zama biyu ko uku, ka faɗa mata sunan wadda za ta karɓe ta, ka ce kana ganin za ta fi amfana a can. In ba kowa a kusa sai asibitin masu taɓin hankali na Kazaure ko na Dawanau, ku zauna da danginta a kan kuɗin mota, ka rubuta takardar turawa cikakkiya, ka tabbatar maganinta zai kai ta ranar da aka ba ta. Bayan nan ka goge lambarta daga wayarka, kuma in kana son sanin yadda take, ka bar wa wadda ta karɓe ta wannan aikin.