Kurakuran da ke kashe boris tun ranar da aka ɗaura shi

Da wuya mako ya fita ba a kawo mini boris a leda ba, ya yi baƙi ko ya yi shuɗi, mai shi yana rantsuwa cewa jabu aka sayar masa. Jabu kam akwai shi a kasuwa, ban musa ba. Amma in na wanke shi da kananzir na duba hanyar da rololin suke bi, abin da na fi gani shi ne sawun hannun wanda ya ɗaura shi. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hangi na wani. Na gaji da maimaita magana ɗaya ga kowane sabon yaron shago, shi ya sa na zauna na rubuta ta.

Boris mai rola abu huɗu ne: zoben ciki da ke kama shaf, wato sandar ƙarfen da ke juyawa, zoben waje da ke zama a gidansa, rololi a tsakani, da keji mai hana su cin karo da juna. Amfaninsa shi ne ya mai da guga ta koma gungurawa. Mai ƙwallaye yana taɓa zobe a ɗigo ɗaya, mai rola kuwa kwanciya yake yi a kan layi, don haka ya fi ɗaukar nauyi. Abin da yara ba su sani ba shi ne, in komai na tafiya daidai, ƙarfe ba ya taɓa ƙarfe sam. Akwai shimfiɗar mai a tsakani wadda sau da yawa kaurinta bai kai maikiron 1 ba, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita, alhali silin gashin kanka yana kai wajen maikiron 70. Kayan da aka ƙera da irin wannan lissafi shi ne ake ɗauka a kwantar a kan dutse a hau shi da guduma.

Da gudumar zan fara, don ita ce ta taɓa ja mini abin da har yau in na tuna sai na ji kunya.

Ina dab da yaye daga hannun maigidana, aka kira shi gyaran injin casar shinkafa a wajen Kura, lokacin kaka, aiki ya yi masa yawa ya tura ni ni kaɗai. Boris ɗin 22210 ne, mai layin rola biyu, bakinsa milimita 50. Na sa shi a bakin shaf ya ƙi shiga, wanda dama haka ya kamata, domin zoben da ke juyawa tare da shaf dole ya kama shi gam. Mutane sun zagaye ni, buhuna jibge, mai injin sai duba agogo yake. Sai na ɗauki guduma da guntun ƙarfe na rinƙa buga zoben waje, nan da can, har ya zauna. Aka tayar da inji ya yi ta aiki lafiya lau, aka sallame ni har da tukwici.

Kwana tara ya yi. Ya fara da gurnani, masu aiki suka ƙara masa giris suka ci gaba, daga nan ya ƙame, zoben ciki ya juya a kan shaf ya cinye shi. Injin ya kwana uku a tsaye ana jiran masu fiƙe ƙarfe su gyara shaf, masu shinkafa suka kwashe kayansu suka kai wani wuri. Maigida ne ya biya boris da kuɗin shaf daga aljihunsa. Bai zage ni ba, da ma zagin ya yi. Ya wanke zoben waje ya miƙo mini ya ce, "Sa farcenka nan, ka ƙirga." Ƙananan lotsawa ne a jere, tazararsu ɗaya, yawansu daidai yawan rololin. Ya ce, "Wannan sa hannunka ne."

Abin da ya faru a fili yake. Zoben ciki nake son in tura, amma na waje nake duka, ke nan duk ƙarfin bugun ta cikin rololi yake bi kafin ya isa inda nake so. Ƙarfen boris yana da kabon wajen kashi 1 cikin 100 da kuromiyam wajen kashi 1.5, an gasa shi ya yi tauri kamar magagari. Kowane bugu yana dasa bakin rola a jikin hanyarta, kuma lotsawar ba ta komawa. Daga ranar duk rolar da ta zo wucewa sai ta faɗa ramin ta fito, sau dubbai a minti ɗaya, har gefen ramin ya fara ɓantarewa.

Tun daga nan nake dafa boris. Ana son zafinsa ya kai tsakanin digiri 80 da 100, kada ya haura 120. Ni ba ni da na'urar ɗumama shi ta lantarki, dabarata tukunya cikin tukunya ce: babba da ruwa a kan risho, ƙarama da sabon man inji a cikinta, boris rataye da waya don kada ya taɓa gindi. Muddin akwai ruwa a babbar, zafin man ba zai wuce 100 ba ko da na manta da shi na tafi salla. Bakin milimita 50 yana buɗewa da wajen 0.04, wanda ya isa ya zame a kan shaf da hannu. Ka tura shi har kafaɗar shaf, ka riƙe shi nan har ya huce ya kama. Mai rufin roba da ya zo da giris ɗinsa ba a tsoma shi a mai. Idan ƙarami ne, guntun bututu mai tsabta da ya zauna a kan zoben da kake turawa kaɗai ya wadatar, a buga a hankali. Wutar walda kuwa kada ma ka kusanto da ita. Ƙarfe ba ya yin shuɗi sai ya doshi digiri 300, kuma kafin ya kai nan taurinsa ya riga ya tafi.

Na biyu shi ne notin boris mai tsukakken baki, irin na ƙafar mota da na tirela, masu lamba kamar 30205 ko 32210. A nan ne nake rasa haƙuri da yara.

Wanda ya yi rajistar wannan ƙira a 1898, Henry Timken, maƙerin keken doki ne a birnin St. Louis na Amurka. Matsalarsa ita ce in keke ya sha kwana, nauyi yana turo ƙafa ta gefe, boris na lokacin kuma ba sa jure wannan. Sai ya yi rololi masu kai ɗaya siriri ɗaya kauri, da zobba masu gangara, ta yadda in ka ja layi daga jikin kowace rola da kowane zobe, duka za su haɗu a ɗigo ɗaya a tsakiyar shaf. Wannan lissafin ne ke sa rola ta gungura ba tare da ta ja jiki ba. Amma da yake siffar weji gare shi, kullum yana son ya tura kansa waje, shi ya sa ake sa su biyu suna fuskantar juna. Kuma sararin da ke cikinsu ba daga masana'anta yake zuwa ba. Kai ne kake saita shi da noti.

To wai don Allah wa ya gaya muku notin hob, wato cibiyar da ake ɗaura taya a kai, irin notin taya ne? Ka ga yaro ya ɗora sifana, ya zura mata bututu, ya hau da ƙafa yana nishi, wai yana ɗaurewa da kyau. Wani yarona ya yi wa wata akori-kura haka ina waje sayen kaya. Ba su yi nisa a hanyar Zariya ba direba ya kira ni, hob yana hayaƙi, Allah ne ya kiyaye ƙafar ba ta fita da kaya a kai ba. Ni na je na jawo motar, ni na sayi sabon sandar ƙafa, kuma mutumin bai sake kawo mini aiki ba, ban kuma ga laifinsa ba. Kan rola mai kauri yana jingine da gezar zoben ciki, kuma nan ne kaɗai ake ɗan guga a ƙirar. In ka matse, gugar ta ƙaru, zafi ya tashi, ƙarfe ya kumbura, ya ƙara matsewa, zafi ya ƙara tashi. Ba ya tsayawa sai rololi sun manne.

Yadda nake yi: ina ɗaure noti ina juya ƙafar da ɗaya hannun har rololi su zauna, sai in sassauta shi gaba ɗaya, in sake ɗaurewa da yatsu kawai, in dawo baya zuwa tsagar da ta fi kusa da ramin fin, in sa sabon fin. Ba ƙusa ba, ba guntun waya ba. Wasan da ake so ya rage ɗan kaɗan ne, wajen 0.03 zuwa 0.13 na milimita, wanda da ƙyar hannu ke jin sa in ka girgiza taya. Sababbin motoci masu hob a rufe lissafinsu daban ne, nasu notin yana da ma'aunin ƙarfin da aka rubuta masa, kada ka kai musu wannan dabarar. Kuma in za ka canja, ka canja zoben waje tare da na ciki. Barin tsohon zobe a hob don ƙyuyar fitar da shi, sabon ne zai biya.

Giris kuma, mutanenmu sun ɗauka kamar miya ce, yawanta alheri. Su cika gidan boris taf har yana tsartuwa ta sil, wato robar da ke rufe bakin gidan. Rololi sai su koma suna tuƙa shi kamar tuwo, ya yi zafi, mansa ya tsiyaye ya bar dusa. Ni ina cusa shi tsakanin rololi da tafin hannu har ya ɓullo ta ɗaya gefen, gidan kuwa kashi ɗaya cikin uku nake sa masa, in ya yi yawa rabi. Abin da masu ƙera boris ke faɗa shi ne, daga digiri 70 zuwa sama, duk ƙarin digiri 15 yana raba kwanan giris biyu. A garin da inuwa ma takan haura 40 a watan Afrilu, ba ka da rarar da za ka yi wasa da ita. Kada ka gauraya giris iri biyu don kawai launinsu ɗaya, wasu in sun haɗu ruwa suke zama. Sannan gwangwanin giris a buɗe cikin hunturu, da tsinken da aka tsinta a ƙasa ana ɗiba da shi, wannan ai yashi kake ɗura wa boris da hannunka. A injin casa abin ya fi muni, don ɓuntun shinkafa cike yake da sinadarin yashi. Sil na 'yan kuɗi kaɗan ne, a canja shi duk lokacin da aka buɗe.

Sai masu cewa "ai ya shiga". Lambobi biyu na ƙarshe, in ka ninka su sau 5, su ne faɗin baki a milimita, daga 04 zuwa sama. Saboda haka 6205 da NU205 da 30205 duka bakinsu 25 ne, bayansu 52, amma aikinsu ba ɗaya ba ne. NU205 yana ɗaukar nauyi daga sama sosai, amma ko kaɗan ba ya riƙe turin gefe, zobensa zamewa zai yi. In ka ga C3 a jikin tsohon, ka nemo mai C3, an ƙara masa sarari ne saboda wurin yana zafi.

Ɗaure shaf gam ta kai biyu kuskure ne da masu haɗa injin niƙa suke yawan yi. Shaf mai tsawon mita 1, in ya ƙara digiri 50, yana ƙara tsawo da wajen 0.6 na milimita. In babu inda zai miƙe, boris zai tura. Ɗaya ya riƙe, ɗaya a bar masa hanyar zamewa.

Karkacewar shaf tsohuwar matsala ce. Sven Wingquist injiniya ne a wata masaƙa a Gothenburg ta ƙasar Suwidin, inda ginin ke kan laka yana nutsewa, shaf suna karkacewa, boris suna ta mutuwa. Daga nan ya fito da boris mai daidaita kansa a 1907, wanda a kansa aka kafa kamfanin SKF, kuma a 1919 Arvid Palmgren ya yi irinsa mai rola, kakan wancan 22210 da na kashe. Irinsa yana jure karkacewar digiri 1 zuwa 2. Mai miƙaƙƙiyar rola kuwa ko kashi ɗaya cikin goma na digiri ya yi masa yawa. In ka san teburin injinka waldar gefen hanya ce, ka san wanda za ka saya.

Bel da aka ja kamar tsirkiyar baka shi ma kisa ne. A lissafin boris mai rola, in ka ninka nauyi sau biyu, kwanansa yana komawa wajen kashi ɗaya cikin goma.

Shaf ya cinye, sai a sassare shi da fonci ko a naɗa masa gwangwanin madara: gyaran kwana biyu ne, a kai shi a cike a fiƙe. Mai walda ya maƙala wayar ƙasa a nesa har wuta ta bi ta cikin boris, ta bar masa ƙananan ƙuna. Juya busasshen boris da iskar kwamfaresa don a ji yana kuka kamar jirgi, wasan yara ne da ke iya fasa keji a fuskar mutum. Kuma a bar shi cikin takardarsa har sai an gama wanke shaf da hannuwa.

Jabun da na ce akwai, ni abin da nake yi shi ne wurin mutum ɗaya nake saya shekara da shekaru, kuma ina sa shi ya rubuta mini lambar boris a rasit. In kuɗin ya faɗi ƙasa da rabin abin da na saba biya, ina mai da shi kan kanta ko da kwalin yana ƙyalli. Tsohon da na cire kuma ba na yar da shi sai na wanke na duba, in rubuta ranar da sunan injin a jikin leda, in rataye a ƙusa bayan ƙofar shago.