Yadda ake zaɓen ciko don bargon ɗinkin hannu

Bargon farko da na ɗinka a nan Gadarif ta ƙasar Sudan, wata biyu na yi a kansa. Ƙyallayen atamfa na harhaɗa a sama, damuriya, wato yadin auduga na Sudan, a ƙasa, na sayi auduga mai arha na shimfiɗa a tsakani. Wanki ɗaya aka yi masa audugar ta dunƙule kamar curin fura, wani gefen tudu, wani gefen ba komai. Babban laifin na cikon ne, ban zaɓa da kyau ba. Tun daga ranar ba na biyan kuɗin ciko sai allurata ta ratsa shi tukuna.

Kafin ki fita kasuwa, ki tsai da shawara kan wanda zai rufa da bargon. Sanyinmu na Disamba da Janairu ne, iskar arewa da dare, gari na wayewa rana ta ɗau zafi. Bargo mai nauyin katifa ba shi da amfani a nan. Na yara kuma zai sha wanki, na tsohuwa ana so ya yi ɗumi ba nauyi. Ki auna faɗi da tsawo, ki ƙara santimita 10 a kowane gefe, domin ɗinki yana jan ciko ya tsuke.

Sai nau'in cikon. Auduga, ko kaɗa kamar yadda tsofaffinmu na garin Mai Wurno ke cewa, ita na fi so, kuma muna ƙasarta: tun 1925 da aka kammala madatsar ruwan Sinnar ake nomanta sosai a yankin Jazira. Tana shan gumi, iska na ratsa ta, bargonta na kwantawa a jiki. Amma tana da sharuɗɗa. Ki ɗebi kaɗan ki ja a hankali tsakanin yatsu. Idan silin ya miƙe dogo kafin ya rabu, mai kyau ce, za ta riƙe junanta cikin bargo. Idan ta tsinke nan take tana ƙura, ragowar injin gurza ce ko tsohuwar katifa aka farke, ki bar musu kayansu. Ki matsa ta a tafin hannu ki ji ko akwai angurya. Ƙwaya ɗaya tana iya karya allura, kuma man da ke cikinta yakan fito ya ɓata farin yadi da ɗigo ruwan ƙasa wanda sabulu ba ya fitarwa. Ki kuma shinshina. Mai warin danshi ta riga ta fara ruɓa.

Idan wajen munajjid, wato mai shiɓar auduga da yin katifa, za ki kai a shiɓe miki, ki yi masa bayani dalla-dalla. Hannunsa ya saba da lihaf, wato shimfiɗar auduga mai kauri da ake ɗorawa kan angarib, gadon igiya. Ki ce, "Baba, na rufa ne, da hannu zan ɗinka, a shimfiɗa ta siririya." A wurina kilo ɗaya na isar bargon mutum guda. Idan ya gama, ki ɗaga shimfiɗar wajen haske: inda rana ta leƙo sosai a ƙara, inda ya yi duhu a rage. Kuma ki sani irin wannan audugar ba abin da ke riƙe ta sai ɗinkinki, don haka kada tazarar layi da layi ta wuce yatsu uku, kamar santimita 5. Wannan ma yana cikin abin da ya kashe bargona na farko, taƙi guda na riƙa bari.

Akwai kuma faiba, cikon roba da masu kayan ɗinki ke sayarwa a naɗe, ana yanka da mita. Allura na shiga cikinta kamar a man shanu, ba ta da nauyi, ba ta tsukewa a wanki, tana bushewa da wuri. Mai koyo za ta ji daɗinta. Aibinta uku ne: tana riƙe zafi da gumi, silinta kan leƙo ta ramin ɗinki ya yi fari-fari a kan baƙin yadi, sannan idan wuta ta taɓa ta narkewa take ta manne a fata. A ɗakin da ake shigar da garwashi lokacin sanyi, ko ake turare, ni ba na rufa wa yaro bargon faiba. Idan kin samu gauraye, wanda ake rubuta 80/20 a jikin ledarsa, wato kashi 80 auduga, 20 roba, ki ɗauka, ya haɗa alherin biyun. Sai dai ki ɓare gefensa ki duba: wasu ana manna musu wata siririyar raga don ɗinkin keke, ita kuwa tana turje wa allurar hannu har yatsa ya yi kanta.

Audugar rimi ki bar ta wa matashin kai. Silinta santsi gare shi, ba ya kama juna, kuma wuta na cin ta da sauri. Ulu yana da daɗin ɗinki da ɗumi, amma ga tsada ga asu. Tun da yaƙi ya ɓarke a 2023 kaya suka yi wuya, na ga matan da suka yi gudun hijira zuwa nan suna sa tsohon tob, wato dogon mayafin matan Sudan, ninki biyu ko siririn bargon da ya kwana biyu a matsayin ciko. Yana yi sosai, ba ya dunƙulewa, in dai an wanke shi an yanke inda ya rame.

Yanzu gwajin da ba na tsallakewa. Ki tafi kasuwa da ƙyalle biyu na yadin da za ki yi aiki da shi, kowanne kamar taƙi ɗaya, da allura da zarenki. Ki roƙi mai shago ɗan guntun ciko, ki sa a tsakani, ki ɗinka layi biyu a nan gabansa. Idan allura na ɗaukar ɗinki uku ko huɗu a shiga ɗaya, kaurin ya yi. Idan sai kin soka ƙasa kin juyo kin soko sama ɗaya-ɗaya, ya yi kauri, kuma ki tuna irin wannan sukar dubbai ce ke jiranki. Ki kawo guntun gida ki ƙara layuka, ki murje shi da tafin hannu ki ga ko sili zai fito, ki wanke ki shanya, sannan ki sake aunawa. Auduga takan tsuke kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari, shi ke ba bargo 'yar tamojin nan mai kyau. Idan ba ki so, ki fara wanke yadin ki zaɓi faiba.

Launi ma a duba: farin yadi na son farin ciko tas, domin auduga mai ɗan ja tana dusashe shi.

Wanda ya ci gwajin, ki koma ki sayo shi gaba ɗaya daga naɗi ɗaya ko buhu ɗaya. Ki warware shi a kan tabarma ya kwana ya saki karyewar ninki, washegari ki jera yadin ƙasa, ciko, yadin sama, ki kama su da dogon ɗinkin wucin gadi daga tsakiya zuwa gefuna.