Kurakuran da Aka Fi Yi Idan 'Yar Kyanwa Ta Tarar da Tsohon Kare a Gida

Duk wanda ya kawo 'yar kyanwa gidan da akwai tsohon kare, fargabarsa ɗaya ce: kada karen ya cije ta. Fargabar tana kan hanya, domin kyanwa mai wata biyu da ƙyar take kai kilo 1, kare kuwa ko ya tsufa ƙarfin muƙamuƙinsa yana nan. Sai dai sau da yawa ba shi ke tono fitinar ba. Yana kwance abinsa za ta zo ta kama masa wutsiya, ta haye masa kai, ta tsoma baki a kwanonsa. Ranar da tura ta kai bango ya kai mata cafka, sai a ce kare ya yi mugunta, alhali ya daɗe yana nuna ya gaji babu wanda ya kula. An sa ido a kan lafiyar ƙaramar, an manta da haƙurin babban, kuma haƙurin nan nasa shi ke tsare mata rai.

Gaggawa ce ke fara ɓata lamarin. Ana shigowa da ita sai a ɗauke ta a hannu a kai ta daidai hancin kare, wai su gaisa. Wannan riƙon ya toshe mata hanyar gudu, kyanwar da ta rasa mafita kuwa farce take fitarwa. Ko ta yakushi mai riƙon, ko ta kai wa karen mari a fuska, kuma da wannan za su riƙa tuna juna. Dabbobin nan da hanci suke fara sanin juna kafin ido. Don haka ka ware mata ɗaki mai ƙofa, da abincinta da ruwanta da bahon yashin da za ta riƙa kashi da fitsari, ta yi kwanakin farko a ciki. Ka shafa tsumma a kumatunta ka ajiye kusa da makwancin kare, ita ma ka kai mata tsumman da ya kwanta a kai. Ka riƙa ba su abinci lokaci guda, ita a ciki shi a waje, ƙofa a rufe. Idan ya bar kwanonsa ya manna hanci a ƙasan ƙofa yana kuka yana tono, ka ja kwanon baya, lokaci bai yi ba. Sai ka ga kowa na ci hankali kwance sannan ka buɗe ƙofar ka sa shingen raga su hangi juna. Daga baya ka haɗa su na 'yan mintuna, kare da igiya a wuya amma a sake, kyanwa a ƙasa da ƙafafunta, tana da inda za ta haye ko ta shige. Wasu kan saba cikin mako ɗaya ko biyu, wasu sai an shafe watanni. Kwanakin warewar nan kuma dama ce ta kai ta wurin likitan dabbobi ya duba ƙuma da tsutsar ciki kafin ta shafa wa karen, a soma mata allurar riga-kafi, wadda akan fara tana da mako 6 zuwa 8, a riƙa maimaitawa har wajen mako 16.

"Ku bar su, za su daidaita kansu"

Babu maganar da ta kai wannan cutarwa, ko da yake masu faɗinta da kyakkyawar niyya suke faɗa. Tsakanin dabba mai kilo 1 da mai kilo 20 ko 30, kuskure ɗaya ya isa a rasa ƙaramar.

Ya kamata a san halin da tsohon kare ke ciki. Manyan karnuka kan shiga tsufa tun suna shekara 6 ko 7, ƙananan jinsi kuma sai wajen shekara 10. Da yawansu na fama da ciwon gaɓoɓi, ji ya ragu, gani ya dushe, barci ya yi nauyi. Karen da a da yake jin motsi tun daga bakin ƙofa, yanzu sai dai ya ji abu ya dira masa a ƙugu, daidai inda ke ciwo. Cafkar da zai kai a wannan lokacin ta firgita ce, kafin ma ya gane wane ne.

Ka zauna ka kalle su na ɗan lokaci. Kare na kwance, haɓarsa a kan ƙafafun gaba. Kyanwa ta laɓe bayan ƙafar kujera, ta manna ƙirji a ƙasa, tana karkaɗa ƙugu, idonta a kan bakin wutsiyarsa. Ta yi wuf ta kama. Shi bai tashi ba. Ya lashi hancinsa, ya yi hamma ba don barci ba, ya kawar da kai yana kallonta ta wutsiyar ido har farin idon ya bayyana. Ta sake dawowa, ya miƙe da ƙyar ya koma wani lungu, ta bi shi can. Mai gida na kallo yana murna wai sun saba. Ba su saba ba. Lasar hanci, hamma, kawar da kai da barin wuri, duk hanyoyin da kare ke cewa a ƙyale shi ne. Idan ba a ji ba, abin da ke biye shi ne sandarewa: jiki ya ƙame, baki ya rufe gam, ido ya kafe. Sai gurnani, sai ɗage leɓe, sai cizo.

A nan ake tafka kuskuren da ya fi ba ni tausayin karen: ya yi gurnani, a daka masa tsawa ko a doke shi. Gurnani gargaɗi ne, kuma alheri ne gare ka da ya yi shi. Karen da ake hukuntawa a kan gurnani yakan koyi yin shiru, amma ɓacin ran yana nan, ranar da zai yi cizo kuwa babu sanarwa. Da ka ji gurnani, ko ma tun a hamma da kawar da kai, ka tashi ka ɗauke kyanwar. Ita za a ɗauke, ba shi za a kora daga makwancinsa ba. Idan ya ga duk lokacin da ta dame shi kai ne ke raba shi da ita, ba zai ga dalilin yin hukunci da kansa ba.

Kowa ya san a tanadar wa kyanwa wuri mai tsayi da za ta haye, amma kaɗan ne ke tuna cewa shi ma karen yana buƙatar inda ba za ta same shi ba. Ka ba shi ɗaki ko lungu mai ƙofa da zai yi barcinsa na rana cikin kwanciyar hankali. Lokacin fitarsa yawo da na cin abincinsa kada su sauya don an yi sabuwar baƙuwa, kuma ka ware masa lokacin da za ka zauna da shi shi kaɗai. In kuwa kare mai sanyin hali ya koma saurin fushi, ka kai shi a duba shi. Sau da yawa ciwo ne ke cin sa, idan aka yi maganin ciwon sai haƙurin ya dawo.

Akwai kuma saɓanin fahimta tsakaninsu. Kare kan kaɗa wutsiya idan yana son kusantar abu, ita kuwa kyanwa idan tana bulala da wutsiya ranta ne a ɓace. Haka idan ta kwanta rigingine a gabansa cikin tsoro, ba miƙa wuya ta yi ba, faratan ƙafafu huɗu ta shirya.

Ƙiriniyar kyanwa ba ta jin duka

'Yar kyanwa ba ƙeta take yi ba, farauta take koyo. A watanninta na farko kusan duk wasanta sanɗa ne, da dira, da kamawa, da shuri da ƙafafun baya. Da tana tare da 'yan'uwanta, a kansu za ta gwada. Idan ta ciji ɗaya da ƙarfi zai yi ƙara ya bar wasan, a haka take gane iyakar cizo. Shi ya sa wadda aka raba da uwarta kafin mako 8 ta fi yawan cizo da yakushi. Yanzu da ta zo gidanka, abin da ke motsi a ƙasa ƙafafunka ne da wutsiyar kare.

Fesa mata ruwa, ɗalla mata yatsa a hanci, ko ɗaga ta ta ƙeya a girgiza, ba ɗaya da ke cire mata wannan buƙata. Abin da take koya shi ne tsoronka, sai ta jira ka ba da baya ta ci gaba. Hayaniyar kuma tana tunzura karen, ya ga kamar shi ma an ba shi izinin shiga faɗan.

Maganin shi ne ka gajiyar da ita kafin ta isa wurinsa. Ka sami sanda ka ɗaura igiya, a bakin igiyar ka sa gashin tsuntsu ko guntun ƙyalle. Kada ka riƙa kaɗa mata shi a fuska. Ka ja shi a ƙasa yana gudunta, ya tsaya, ya ɓuya bayan kujera, ya leƙo, kamar yadda ɓera zai yi. Ka bari ta kama lokaci-lokaci, in ba haka ba za ta fusata ta nemi inda za ta huce. Minti 10 zuwa 15 sau biyu ko uku a rana ya wadatar, musamman da sassafe da kuma faɗuwar rana, domin lokutan ne jinin farautar kyanwa ke tashi. Kana gamawa ka ba ta abinci. Za ka ga ta ci, ta lashe jikinta, ta nemi wurin barci. Wannan ne lokacin da ya fi dacewa a haɗa ta da kare. Igiyar kuma ka ɗauke ka ɓoye bayan wasa, don zaren da kyanwa ta haɗiye yana iya yanka mata hanji.

Idan ka ga ta durƙusa tana auna wutsiyarsa, kada ka jira ta dira. Ka jefa mata abin wasa ta wani gefen tun tana karkaɗa ƙugu. In ta nace, ka ɗauke ta ba tsawa ba faɗa, ka kai ta ɗakinta ta huce na 'yan mintuna. Kuma kowa a gidan ya daina yi mata wasa da yatsu ko ƙafa, domin wanda ya bar ta ta ciji hannunsa yau shi ya koya mata cewa jikin mai rai abin cizo ne. Duk lokacin da ka ga suna ɗaki ɗaya kowa na harkarsa, ka miƙa wa kowannensu ɗan abin kwaɗayi. Mutane kan lura da faɗa kawai, su manta da saka wa zaman lafiya.

Ka riƙa datse mata bakin farce duk bayan mako 2 ko 3, tsinin kawai, ba tare da taɓa jan ɓangaren da jini ke ciki ba. Idon kare ne abin ji, musamman karnuka masu gajeren hanci da fitattun idanu. In ka ga yana runtse ido ɗaya yana hawaye bayan sun yi karo, ka kai shi likita a ranar. Cire farcen gaba ɗaya kuwa yanke ƙashin ƙarshe na yatsa ne, ƙasashe da dama sun haramta shi, kuma bai kamata a ko yi tunaninsa ba.

Kada kuma ka bar kare ya kore ta ko sau ɗaya da sunan wasa. Bin abin da ke gudu yana yi wa kare daɗi, kowace kora tana ƙara masa sha'awar ta gaba.

Kwano, bahon yashi da magani

Ciyar da su a wuri ɗaya gayyatar faɗa ce, don karen da bai taɓa yi wa mutum gurnani ba yana iya yi a kan kwanonsa ko ƙashin da yake gwigwiya. Ban da haka, abincin ɗaya bai dace da ɗayan ba. Kyanwa na buƙatar sinadarin torin a cikin abinci, wanda ba a tanadi na kare don wadatar da ita da shi ba, rashinsa kuma yana raunana zuciya yana kawo makanta. Loma ɗaya ba komai, amma ba za ta rayu a kansa ba. Nata kuwa maiƙo ya yi masa yawa, ƙiba za ta ƙaru a kan gaɓoɓin da dama ciwo suke. Ka ciyar da ita a sama ko bayan ƙofa, ka kwashe kwanuka idan an gama. Bahon yashinta ma ya kasance inda kare ba ya kaiwa. Karnuka kan ci kashin kyanwa, kuma wadda aka tsorata tana tsakiyar biyan buƙata za ta koma yi a bayan kujera, a zo ana zarginta da ƙazanta.

Batun magani ya fi duka hatsari. Wasu magungunan ƙuma da kaska da ake ɗiga wa kare a ƙeya suna ɗauke da sinadarin fametirin, wanda hantar kyanwa ba ta iya sarrafawa. Ba sai an sa mata ba, ko lasar jikin karen ta yi, ko ta kwanta manne da shi, tana iya kamuwa da karkarwa, dalalar yawu da farfaɗiya, har ta mutu. Duk maganin da aka rubuta na kare ne kawai, kada ya kusance ta. Idan an sa wa karen, a raba su har kwana 3, ko kuma ka gaya wa likita akwai kyanwa a gida ya zaɓo wanda ba zai cutar da ita ba. Ƙwayoyin ciwon gaɓoɓin karen su ma a kulle su, haka farasitamol, wanda ƙwaya ɗaya ke iya kashe kyanwa.

Saura barin su su kaɗai. Kwana biyu na lumana ba hujja ba ce. Da dare, ko idan za ka fita, ƙofa ta raba su har sai kyanwar ta yi girman da za ta iya tsere wa kare, wajen wata 6 ko fiye, kuma an ɗauki makonni ba a ga kora ko gurnani ba. Ba dole su riƙa kwana a jikin juna ba. Idan za su wuce juna kowa bai kula kowa ba, an samu abin da ake nema.

Akwai karen da ba za a taɓa amince masa ba, musamman cikin jinsunan da aka raina don farautar ƙananan dabbobi. Alamarsa ita ce ya kafe ta da ido ba ƙiftawa, jikinsa na rawa, ya yi sanɗa shiru, ka kira sunansa ko ka nuna masa nama bai waiwayo ba. Irin wannan sai a nemi masanin halayyar dabbobi, kuma a shirya wa yiwuwar raba su har abada ko nema wa kyanwar wani gida. In har ya kai ga kama ta da baki, ko ba ka ga jini ba ka garzaya da ita wurin likita, domin haƙorin kare kan bar ɗan ƙaramin rami a fata alhali haƙarƙari ya karye ko huhu ya ji rauni a ciki. Bayan ta warke, a koma matakin farko, ƙofa a rufe a tsakaninsu.